Na hana ƙorafin tsada a gidana, me kuka gani?

Maman_Alheri:
Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, hirarmu ta koma guda ɗaya. A bakin coci kafin a shiga sujada, tsada. An tashi, tsada. Ko gaisuwar mutuwa aka je, kafin a gama ta'aziyya an koma kan kuɗin mota. Ni dai na kafa doka a gidana: ba a maganar farashi a kan abinci. Kafin a sa hannu a kwano, kowa sai ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a ranar, har auta. Ba kuɗi ne ya ƙaru ba. Shinkafa ta zama ta ranar Lahadi, nama kuwa sai dai ƙamshinsa a miya. Amma Manzo Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci, ko a ƙoshe ko da yunwa. Kirista da ke gunaguni safe da yamma, wace shaida yake ba maƙwabcinsa? Ina ganin lokaci ya yi da za mu zaɓi godiya.

Talatu_Kafanchan:
Amin, Mama! Kamar kin shiga zuciyata. Ni kaina na gaji da jin muryata.

Bitrus_MaiKeke:
Mama, da girmamawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Litar mai da ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, a Oktoba 2024 ta haye 1,000. A 2025 ta ɗan sauko, amma taya bai sauko ba, baƙin mai bai sauko ba, balas ɗin mai keke ma bai sauko ba. Na ƙara kuɗi fasinja ya zage ni, na bar shi yadda yake in koma gida hannu rabbana. Akwai ranar da bayan na sha mai na biya balas, abin da ya rage a aljihuna kuɗin garin kwaki ne kawai, ko ƙuli babu. To idan na ce wayyo a ranar, zunubi na yi? Ina zuwa coci, ina ba da zakkata. Amma a ce in rufe baki, wannan kam da wuya.

Dattijo_Yohanna:
Bitrus ɗana, na ji ka. Amma ka buɗe Littafin Ƙidaya sura 11 ka karanta a natse. Isra'ilawa suna cin manna kowace safiya, abincin da ba su shuka ba, ba su saya ba. Sai suka zauna a ƙofar alfarwansu suna kuka, wai sun tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa. Bulalar Fir'auna ba su tuna ba. 'Ya'yansu maza da aka jefa a kogi ba su tuna ba. Albasa suka tuna! Allah ya ba su makware har suka gaji, naman yana bakinsu annoba ta sauka. Gunaguni yana ɓata wa mutum tunani, ya mayar masa da jiya aljanna. Mu da muka ga layin sayen madara da sabulu a 1984, mun san jiyan nan ba haka take ba. A lokacin ma cewa muke yi ba a taɓa ganin wahala irin wannan ba. Maman Alheri ta yi gaskiya.

Luka_Ɗalibi:
Baba, da izininka in ƙara wani abu. Kowa yana son Habakuk 3, inda ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya zama wayam, zai yi murna da Ubangiji. Amma a sura ta 1 mutumin nan ya fara ne da tambayar Allah, har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji? Allah bai kashe shi ba, amsa ya ba shi. Zabura 13 haka ta fara. Zabura 88 ma har ta ƙare ba ta juyo ga murna ba, kuma an bar ta a cikin Littafi. Isra'ilawa a cikin alfarwansu suka yi ta maganar Allah a bayan idonsa, wai ƙinsu yake yi shi ya sa ya fito da su. Habakuk kuwa gabansa ya je ya faɗa masa. In Yaya Bitrus ya durƙusa ya ce Uba, yau ban samu ba, yarana suna jirana, ban ga laifinsa ba.

Bitrus_MaiKeke:
Yawwa, Luka. Allah ya ƙara ilimi.

Malama_Hannatu:
Ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake amfani da kalmar godiya a toshe bakin talaka. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ba zan kira suna ba. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yuli 2024, mu har yau labarinsa muke ji a rediyo. Mai makarantar ɗan'uwa ne cikin Kristi. Ranar Litinin a addu'ar safe zai tsaya da Littafi a hannu ya ce, ku yi godiya kuna da aiki, wasu suna gida. Alhali albashin watan jiya bai shigo ba, kuma ya ƙara wa iyaye kuɗin makaranta. Mu ce Amin, mu shiga aji da yunwa. Me ya sa ba ya buɗe Yakubu sura 5, inda aka ce hakkin ma'aikatan da kuka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna? Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. A Janairu aka ce ta koma kashi 24 da ɗoriya, amma hanyar lissafin aka sauya, ba a kasuwa abin ya faru ba. Ina gode wa Allah, Mama. Amma ba zan gode wa wanda ya riƙe mini gumina ba.

Ishaku_Biu:
Malama, wannan ta taɓa ni. Irin haka ne ya sa ƙanena ya daina zuwa coci gaba ɗaya.

Maman_Alheri:
Malama Hannatu, Allah ya bi miki hakkinki. Ban ce a yi shiru a kan zalunci ba. Ki nemi kuɗinki, ki haɗa kai da sauran malamai ku same shi. Ni maganar da nake yi ita ce ta cikin gida, wadda ba ta rage ko kwabo a farashi, sai dai ta rage kwanciyar hankali.

Jummai_MakarantarLahadi:
Bari in shigo a nan, don ni da yara nake aiki. Idan kuna son sanin abin da ake faɗa a gidajenku, ku zo ajina lokacin roƙon addu'a. Da can yara cewa suke a yi addu'a don jarrabawa, ko kaka ba ta da lafiya. Yanzu wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta ɗaga hannu ta ce, Anti, a roƙi Yesu ya sa Baba ya daina faɗa da Mama a kan kuɗin cefane. Wani yaro kuma na lura yana jan ƙafa, ashe takalminsa ne ya tsinke ya ɗaure da waya, wayar tana cin fatarsa. Na ce me ya sa ba ka gaya wa Mama ba? Ya ce kullum tana cewa babu kuɗi, ba ya so ya ƙara mata. Gyaran takalmin nan bai kai kuɗin burodi ba. Yara suna ɗaukar nauyin da ba nasu ba, saboda abin da kunnensu ke ji. A nan kam ina bayan Maman Alheri ɗari bisa ɗari.

Manomi_Saminaka:
Ina ta karantawa ina dariyar takaici. Ku mutanen birni kuna ba da shaida a coci cewa masara ta sauko, yabo ga Ubangiji. Ni da na noma ta fa? Tun da gwamnati ta ɗage harajin shigo da hatsi a 2024 farashi ya yi ta gangarowa, taki kuwa yana sama abinsa. Sai ka sayar da buhun masara biyu kafin ka ɗauki buhun taki ɗaya. Ga kuɗin feshi, ga 'yan ƙwadago, ga kuɗin casa, ga buhu, ga mota. Abin da ya zama amsar addu'arku shi ya zama bashina. Da yawa a wajenmu sun ce baɗi waken soya za su shuka, don bai cin taki kamar masara. In haka ta faru, ku shirya, za ku sake jin tsada.
Duk da haka ranar godiyar kaka zan kai buhuna gaban coci. Haka na taso na ga babana yana yi, ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ruwa dai ya sauka, ba ni na saukar da shi ba. Kuma na girbe abina da raina, akwai 'yan'uwa a Bokkos da Mangu da ko leƙa gonakinsu ba su iya yi ba saboda hare-hare.

Talatu_Kafanchan:
Baba Manomi, yi haƙuri da katsalandan, nawa buhu yake wajenku yanzu? Muna so mu haɗa kuɗi mu saya.

Manomi_Saminaka:
Kin gani ko? Ina kuka kina tambayar farashi! Ki same ni ta akwatin saƙo, kowace kasuwa da nata.

Asabe_Taminus:
Tunda an zo kan kasuwa, bari mu ma a ji ta bakinmu. Kowa ya tashi sai ya ce 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah. Ni mai awo ce. Lokacin da kaya ke hawa, in na sari wake yau na sayar, in koma jibi kuɗin ba ya sake sayen buhun. Bara da kaya suka hau aka zage mu, bana da suka sauko waɗanda suka ajiye kaya sun tafka asara, ba wanda ya ce sannu. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai masu buga gindin mudu ya shiga ciki, akwai masu mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, kuma wasunsu muna rera waƙa tare ranar Lahadi. Ni godiyata ita ce mudun nan nawa ya tsaya yadda maƙeri ya yi shi, in cika shi har ya yi tozo. Littafin bashi na kuwa ya cika da sunayen matan da ba zan iya kallon idonsu in ce babu ba, Kirista da Musulmi. Yunwa ba ta tambayar inda kake sujada.

Danjuma_Abj:
Ku yi haƙuri, ni wannan wa'azin godiya ya fi yi wa masu mulki daɗi fiye da kowa. A farkon 2024 a Kano mutane suka koma cin afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da kifi ake ba. Annabi Amos a sura 8 ya yi magana a kan masu rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar wa talaka har da sharar alkama. Bai ce wa talakan ya yi godiya ba, masu yin abin ya ja wa kunne. A Agusta 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, wasu ba su koma gida ba. An ƙara kuɗin wuta a 2024, an ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025, mu kuma muna nan muna cewa sai godiya. Shi ya sa ba sa jin tsoronmu.

Admin_Markus:
Danjuma, ka faɗi ra'ayinka, an ji. Tunatarwa ga kowa: ba a kawo sunan jam'iyya ko zagin wani a zauren nan. A ci gaba.

Dattijo_Yohanna:
Danjuma, an umarce mu mu yi addu'a domin masu mulki, 1 Timoti sura 2. Yaushe rabonka da yi?

Danjuma_Abj:
Ina yi, Baba. Katin zaɓe na ma yana nan a ajiye, yana jiran 2027.

Kaka_Rifkatu:
Jikata ce take rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. 'Ya'yana, ni 'yar Michika ce. A 2014 muka gudu daga harin Boko Haram da zanen da ke jikinmu. Hatsin da muka tara aka ƙone, awaki aka kora, hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi ma ba ta tsira ba. Mun kwana a kan dutse, mun taka da ƙafa har ƙafa ta fashe. A inda aka sauke mu a Yola, a gwangwanin madara nake dama wa jikoki kunu, ɗaya ya sha ya miƙa wa ɗaya. Da dare mata sukan taru mu yi waƙa. Kada ku ɗauka don muna jin daɗi ne. Muna waƙar hawaye yana zuba. Wadda ta daina waƙa, ita muke sa wa ido, don mun ga yadda irinsu suke zama shiru, su daina cin abinci, su tafi. Ni godiya ce ta riƙe ni da rai. Kowace safiya ina duba waɗanda suka rage mini, in kira sunansu ɗaya bayan ɗaya a gaban Yesu. Amma ban taɓa hana kowa kuka ba, ni ma na yi, har na tambaye shi ina yake lokacin da aka kashe mijin 'yata. Bitrus, yi kukanka ɗana. In ka gama, ka duba abin da ya rage maka.

Maman_Alheri:
Kaka, ba ni da abin cewa. Allah ya ƙara miki kwana.

Luka_Ɗalibi:
Amin.

Saratu_Zonkwa:
Bayan maganar Kaka kunya ma nake ji, amma zan faɗa. Ita ikilisiya fa, ta rage wa mutane nauyi? Baiko na ɗaya, na biyu, gudunmawar gini, ambulan na godiya da aka rubuta suna a kai, kuɗin taron gunduma, ga sabon zanen zumunta an fito da shi. Wata gwauruwa a wajenmu ta daina zuwa zumunta don ba ta da zanen, tana jin nauyin zama a cikinmu da nata daban. A hau bagade a ce kada mu yi gunaguni, a sauko a miƙo mana ambulan.

Mama_Shugaba:
Saratu 'yata, zanen ba dole ba ne, kuma duk shugabar da ta bar gwauruwa ta zauna a gida saboda zane ta yi kuskure. Amma kada a manta da abin da Zumuntar Mata take yi. A wajenmu kowace mace tana zuwa da abin da ta iya ranar taro, wata gwangwanin gero, wata maggi, wata sabulu. Ƙarshen wata mu raba wa gwauraye da marayu, a kai musu gida da yamma ba tare da shela ba. Adashinmu ya biya wa yara da dama kuɗin jarrabawa. Matan da suka fi kawowa, na lura, ba masu kuɗin ba ne. Masu yawan cewa Allah ya yi mini ne.

Rabaran_I:
Na daɗe ina bin zancen nan. Saratu, maganarki ta same mu, kuma daidai ne ta same mu. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko, masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su yi wa'azi a kan gunaguni ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai su kula da rabon, cikinsu har da Istifanas. Ƙorafin ya zama gyara. Yakubu kuma ya ce in ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci, ka ce masa sauka lafiya, ka ji ɗumi, ka ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka yi? A Disamba 2024 mutum goma suka mutu a turmutsutsin rabon abinci a wata coci a Maitama, Abuja, a makon da irin haka ta faru a Ibadan da Okija. Mutumin da zai fito tun asuba ya bi layi saboda 'yar shinkafa, ba rashin godiya ke damunsa ba.
A namu majalisar dattawa mun dakatar da ginin katanga, mun mayar da baiko na biyu na Lahadin farkon wata ya zama na taimako. Ba kowa ya ji daɗi ba. Ku kuma tuna fastocinku na ƙauye, da yawa albashinsu daga baikon nan yake fitowa, in aljihunku ya bushe nasu ya riga bushewa.
Amma ba zan bar maganar Maman Alheri ta faɗi ƙasa ba. Yesu ya ɗauki gurasa biyar da kifi biyu a gaban dubban mutane, ya yi godiya tun abincin bai isa ba. Na ga gidajen da talauci bai rushe ba, ɗacin rai ya rushe su.

Danjuma_Abj:
Baba Rabaran, da duk fastoci haka suke magana da ban yi faɗa ba. Amma akwai masu cewa ka shuka iri na dubu hamsin tsada ba za ta taɓa ka ba.

Rabaran_I:
Wannan ciniki ne, ɗana. Ka riƙe kuɗinka ka sayi masara wajen Manomi.

Ishaku_Biu:
Hahaha! Baba ya gama magana.

Dattijo_Yohanna:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Duk hujjojin nan na ji su, amma na san halinmu. In aka buɗe ƙofa kaɗan aka ce kuka halal ne, gobe ba mai tuna godiya. Ƙorafi ba ya bukatar a koya wa mutum, da shi aka haife mu. Godiya ce sai an yi horo.

Malama_Hannatu:
Baba, shiru ma ba a koya wa talakan ƙasar nan shi, ya iya tun tuni. Mun rubuta wa mai makaranta takarda, mu duka muka sa hannu. Ku sa mu a addu'a kada a kore mu.

Maman_Alheri:
Za mu yi, Malama. Yau da dare sunanki yana cikin addu'ar gidanmu. Ni dai dokata tana nan, wanda ya ga zai iya ya gwada ko na mako ɗaya ne, ya zo ya ba mu labari.

Bitrus_MaiKeke:
Mama, saboda maganar Anti Jummai, a gaban yara zan gwada. A gidan mai kuwa kada wanda ya tare ni, sai na faɗi abin da ke raina.

Talatu_Kafanchan:
Mun zama mu shida a maganar masarar nan. Mama Shugaba, in zumuntarku tana so a sa da ku, a yi magana kafin Asabar. Yaya Bitrus, in mota ta sauke a tasha za ka iya rarraba wa na cikin gari?

Bitrus_MaiKeke:
Zan iya, buhu uku-uku. Ladan hannuna na bar wa gwauraye. Amma kuɗin mai a ba ni a hannu, kada wanda ya ce mini Allah zai saka.